Kada Ka Je Tungar Ƙirya

Zongo, Kwatano

Zuwa ga ƙanena Sharhabilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa ce daga yayarka Tabawa, tare da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta same ka zaune a ɗakinka na Gusau, ƙafafunka biyu a kan tabarma, kai da Kubra da yara duk cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara rufa muku asiri, ya sauƙaƙa muku zaman haya da zaman baƙunta, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ina fata ciwon ƙirjin da ya dame ka da azumi ya yi sauƙi, kuma ka daina sayen maganin duk mai tallan da ya biyo ta ƙofar gida, don na san halinka.

Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta sauka a Kwatano, kuma ka san yadda take yi mana: ruwan sama daga bisa, ruwan kwata daga ƙasa, mu muna taka bulo ɗaya bayan ɗaya kafin mu kai bakin titi. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta. Ranar da ta ga dama ta kai ni kasuwa, ranar da ba ta ga dama ba in bar wa surukata Wassila rumfar atamfa in zauna gida. Ɗanka Razak na wajena yana nan yana fama da shagon kayan babur, masu zemijan, wato 'yan acaɓar garin nan, ba sa barin sa ya ci abinci da zafinsa. Jaririnsu ya fara rarrafe, kuma ya fi son abin da ya tsinta a ƙasa a kan abin da aka zuba masa a kwano. Babbar 'yarsu Hanane kuwa lafiyarta ƙalau, ta yi tsawo, haƙoran gaba sun fito. Saboda ita na zauna rubuta maka wannan takarda, ko da yake ba ita ce mai laifin ba.

Za ka yi mamakin takarda a zamanin waya. Na farko, wayarka a kashe take tun makon jiya. Na biyu, ko tana shiga, kai ba a maganar kirki da kai a waya. Da na ɗauko magana sai ka mayar da ita wasa, ka ce na tsufa, ko ka ce sabis ya ɗauke alhali ina jin numfashinka. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Mahamoud direba, wanda ke kawo mana albasa daga arewa, zai juya jibi, kuma ya yi mini alkawarin zai kai ta har ƙofar ɗakinka. Ka yi haƙuri da rubutun, na daɗe ban riƙe biro haka ba, kuma ka karanta har ƙarshe kafin ka fara dariyar taka.

Bari in faro maka daga tushe, domin kai guntun labari kawai ka ji daga bakin yarinya. Hanane tana aji uku yanzu a lekol, haka muke ce wa makarantar boko a nan. Akwai darasin da ake yi musu wanda ya haɗa labarin ƙasa da zamantakewa, kuma tun farkon shekara babu abin da take so kamarsa. Da farko aka koya musu gabas da yamma, kudu da arewa. Ta dawo ta tsaya a tsakar gida ta buɗe hannuwa, ta sanar da mu cewa teku yana kudu, ni kuma daga arewa na fito, kamar wadda ta tono wani babban asiri. Har alƙiblarmu sai da ta bincika ko daidai take. Daga nan aka sa su zana ajinsu kamar tsuntsu ne ke kallonsa daga sama, sannan hanyar gida zuwa makaranta. A zanenta ba ta bar komai ba: masallaci, mai tsiren kan kwana, kwatar da wani mai babur ya taɓa faɗawa, har da ni a bakin ƙofa da ƙaton kai. Sai aka shiga unguwannin gari. Ta koya mini cewa mutanen Placodji masunta ne domin suna bakin teku, mutanen Avotrou suna hayin ruwa ta gabas, mu 'yan Zongo kuma 'yan kasuwa ne da suka zo daga nesa. Na fi shekara talatin a garin nan, amma yarinya 'yar shekara takwas ce ta nuna mini yadda yake a kwance. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Abin ya riƙa tuna mini da Malam Abdussamad na firamarenmu. Ko ka tuna ranar da ya fito da mu gindin ƙirya ya zana garinmu a ƙasa da tsinke? Nan rijiya, nan maƙera, nan gidan maigari, nan hanyar kasuwa. Kai lokacin ba ka isa shiga aji ba, biyo ni kawai kake yi, ka rugo da gudu ka taka gidanmu da diddige ka share shi. Ni aka dake a madadinka, kai kana gefe kana cin goruba. Na ba Hanane wannan labari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe Kaka Sharhabilu tun yana ƙarami ba ya jin magana.

To, ga inda abin ya karkace. A garin nan kowa yana da ƙauye. Ko a asibitin Kwatano aka haife ka, ko ba ka taɓa kwana wani wuri ba, in an tambaye ka daga ina kake, ba ka cewa Kwatano. Ƙauyen kakanninka za ka ambata. Can suke kai yaransu hutu, can ake kai gawarsu in sun mutu, Kwatano wurin neman abinci ne kawai a wurinsu. Da darasi ya kai kan ƙauye, sai malamarsu, metires muke ce mata, ta ɗauko wani faffaɗan katako a bayan zemijan, ta zana taswirar Benin a kai. Ta ce duk yaron da ya je ƙauyensu hutu ya ɗebo ƙasar wurin cikin 'yar kwalba, za a manna ta da gam a daidai inda ƙauyen yake, a rubuta sunan yaron a gefe, ranar rufe makaranta iyaye su zo su gani. In za a yi mata adalci, dabara ce mai kyau, kuma mace ce mai son aikinta. Da ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar sunan ƙauye, aka zo kan Hanane, sai ta miƙe ta ce Zongo. Aji ya fashe da dariya. Metires ta tsawatar musu, sannan ta gaya mata a hankali cewa Zongo unguwa ce ba ƙauye ba, ta je gida ta tambayi manya.

Ta tambayi ubanta, ya ce shi ma bai san ƙauyensu ba. Ka san marigayi maigidana ma a Zongo aka haife shi, mahaifinsa fatauci ne ya kawo shi, kuma babu wanda ya riƙe sunan garin da ya baro. Sai magana ta dawo kaina, na ce mata Tungar Ƙirya. Dama sunan ba baƙo ba ne a kunnenta, tun tana bayana nake ba ta labarin tafki da kasuwar Laraba da gonar Baba. Washegari ta kai wa metires. Matar ta duba taswira ba ta gani ba, da ta ji a Nijeriya ne, sai ta yanko kwali ta kafa shi da ƙusa a saman katakon ta hannun dama, domin Hanane da wasu 'yan kaɗan da ƙauyukansu ke Nijar. Ta zana wa kowannensu da'ira da jan biro. Hanane ta dawo tana taƙama cewa ƙauyenta ya fi na kowa bisa.

Kada ka zaci ɓoye mata na yi. Ranar da ta fara maganar kwalba na zaunar da ita na gaya mata gaskiya daidai da shekarunta. Na ce mata babu kowa a Tungar Ƙirya yanzu, mutane sun zo a kan babura da bindigogi sun ƙone rumbuna sun kore shanu, kowa ya tashi, shi ya sa Kaka Sharhabilu yake haya a Gusau. Ta saurare ni tsaf ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ce ai an koya musu wannan, mutane suna barin garinsu saboda fari ko yaƙi ko neman abinci, sunan abin ƙaura, amma wuri ba ya ƙaura. Ta ce mutane ne suka tashi, ƙasar tana nan inda take, kuma ita ba mutane aka ce ta kawo ba. Na ce ta tashi ta wanke hannu a ci abinci.

Bayan hutu kwalabe suka fara zuwa, kuma kullum sai ta kawo mini rahoto. Ɗan garin Abomey ya kawo jar ƙasa, na wajen Lokossa ya kawo baƙa mai danƙo, 'yar Grand-Popo ta kawo farin yashi. Wani ɗan Ganvié, da yake garinsu a kan ruwa yake, ya kawo ruwa da ɗan taɓo a gindi, aka yi ta dariya, metires ta busar da taɓon a rana ta manna masa. 'Yan Nijar ma danginsu suka aiko musu ta hannun direbobi. A hankali katako ya cika da launi-launi, sai da'ira ɗaya a can saman kwali, ga sunan Hanane a gefe, babu komai a ciki. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Zanen unguwanni da ta saba yi mana a tsakar gida ne kawai ta daina.

Razak ya ga abin ya ishe shi, sai ya yi dabara irin ta ɗan Kwatano. Ana gyaran titi a unguwar Zogbo, tifofi suna zubar da jar ƙasa, ya tsaya ya ɗebo cikin leda, ya kawo mata ya ce Mahamoud ne ya zo da ita daga arewa. Shi a tunaninsa, kamar kowa a nan, arewa duk ja ce, tun da bai taɓa taka gona ba. Hanane ta baza ta a kan takarda yadda aka koya musu, ta duba launi, ta murza da yatsa, ta sansana. Sai ta tattara ta mayar cikin ledar ta ɗaure, ta ajiye a gaban ubanta. Ta ce Kaka ta sha gaya mata cewa gonarsu jigawa ce, launin garin gero, in ka damƙa sai ta zube ta tsakanin yatsu, wannan kuwa tana manne wa hannu. Ni ce na gaya mata, ba sau ɗaya ba, ban kuma san tana ajiyewa ba. Razak ya ɗauki ledarsa ya fita, ita kuma tun ranar ba ta ƙara yi masa maganar kwalba ba.

Da na ga haka na ɗauki Wassila ta raka ni lekol, domin Faransancina na kasuwa ne, ba ya wuce tayi da sallamawa. Na zayyana wa metires komai. Matar nan idonta ya kawo ruwa, ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce ba ta taɓa zaton akwai yaron da ƙauyensu ba ya shiguwa ba. Ta kira Hanane a gabanmu ta ce ta yarda ta kawo yashin Zongo, za a manna mata a Kwatano, ko kuma a cire kwalin gaba ɗaya. Hanane ta sunkuyar da kai ta ce ai ita metires ce da kanta ta ce Zongo ba ƙauye ba ne. Kwalin kuwa ta roƙa kada a cire, domin in an cire shi ita kaɗai ce ba ta cikin taswirar. Matar ta dube ni na dube ta. Ita ta koyar da darasin, amma ta kasa karɓe shi daga kan yarinyar, muka yi sallama muka taho.

Sauran ka fi ni sani. Hanane ta ɗauki wayar uwarta a ɓoye ta aika maka saƙon murya, kai kuma ka amsa. Na saurari naku duka biyun. Ta kira ka angonta yadda kuka saba wasanku na kaka da jika, ta ce in da gaske kai mijinta ne ka aiko mata da ƙasar Tungar Ƙirya. Kai kuma kana dariya ka ce amarya ba ta tambayar ango abu ya ce babu, kafin a rufe lekol za ta ga saƙo, daga gonar Baba kanta. Ta kunna wa duk mutanen gidan nan, ta kunna wa mai tsire, ta roƙi uwarta ta kai wayar makaranta metires ta ji. Kowa ya yi dariya ya ce Allah ya bar zumunci. Ni ban yi dariya ba, domin na ji abin da ka faɗa a ƙarshe bayan dariyar ta ƙare, inda ka ce da kanka za ka ɗebo. Na san wannan muryar. Da ita ka ce sai Kubra lokacin da duk gida suka ƙi, da ita ka ce ba za ka bar gari ba har sai da wuta ta kama rumbun maƙwabcinka. Ban taɓa jin ka yi magana da ita ka fasa ba.

Yanzu zan gaya maka abin da ba za ka bar ni in faɗa a waya ba. Ba don Hanane za ka je ba, don Idi ne. Tun shekarar da ɗanka ya koma yanke dawa da abokansa bai dawo ba, aka kashe shi, abokan suka binne shi cikin gaggawa a gefen gona suka gudo, ba ka ga kabarinsa ba, kuma abin yana cin ka. Kubra ta gaya mini yadda kake zama a ƙofar gida kana kallon hanyar da ta yi wajen garinmu har abinci ya huce. Ka daɗe kana neman dalilin komawa. Babu babban da zai ba ka, liman ya hana ka, abokan Idi sun hana ka, ni na hana ka, sai ga yarinya ta miƙo maka ba ta sani ba, ka karɓa hannu biyu. Ban ga laifinka a kan son ganin inda ɗanka yake kwance ba, ni na yi wa uwarsa wankan jegonsa, ni ma ina kukansa har yau. Amma ina fushi da kai, fushi sosai, da ka laɓe a bayan aikin makarantar yarinya. In wani abu ya same ka a hanyar nan, wa zai ɗauki nauyin? Kai ka tafi ka huta. Ita za ta girma ta san cewa ita ta aika saƙon. Razak zai iya gogewa daga waya, amma ka ga yadda yarinyar nan take riƙe magana, launin gonar Baba ma ba ta manta ba, balle wannan.

Kuma me za ka tarar? Da bakinka ka gaya mini cewa daga kasuwar ƙarshe zuwa garinmu babu mai wucewa ba su gan shi ba, ciyawa ta rufe hanya, rijiya ta rufta, ƙiryar ma an sare ta. Abokan Idi da suka haƙa kabarin sun ce ko su ba za su gane wurin ba yanzu, damina nawa ta bi ta kansa. Za ka je da ciwon ƙirjinka da furfurarka ka tsaya a tsakiyar daji kana neman tudun da ruwa ya riga ya share. Ni dai na ɗebe tsammani, Sharhabilu. A da duk shekara ina cewa baɗi in an samu lafiya zan kai yaran su ga gida, har atamfar da zan raba wa 'yan uwa na ware. Bara na fito da ita na sayar. Na gaya wa Razak in ta Allah ta kasance a sa ni a nan, cikin yashin da ruwa ke tasowa tun ba a yi nisa da haƙa ba. Ban yarda za mu koma ba, ban yarda yaranmu za su koma ba. Garin da Malam Abdussamad ya zana mana ya ƙare, saura ni da kai da muka san inda rijiya take, kuma kai kana neman ka bar ni ni kaɗai.

Shekaranjiya na samu Kubra ta wayar maƙwabciyarta. Ta ce ka wanke gwangwanin madara ka busar ka sa a jakarka, ka karɓi aron babur, ka ce za ka je gaisuwar mutuwa. Da na tambaye ta wane gari, sai ta ambaci sunan da ni da kai muka san a kan hanyar garinmu yake. Ta ce ba ka faɗi ranar tafiya ba, kuma kai ka kashe wayar da kanka don kada in dame ka. Ban sani ba ko ta yarda da zancen gaisuwar ne, ko kuwa ta gaji da roƙonka. Muryarta dai irin ta wanda ya gaji ce, kuma kafin in ƙara tambaya kira ya yanke.

Don haka ga roƙona, kuma ban taɓa roƙonka komai ba tun da aka kawo ni garin nan. Don Allah, don darajar iyayenmu, kada ka je. Ka mayar da babur ɗin mutane. Na yi tunanin in ce ka ɗebo daga ƙofar ɗakinka na Gusau ka aiko, amma za ta tambaye ka, kai kuma ba ka iya yi mata ƙarya, ni ma na gaji da ƙasar aro. Abin da nake so shi ne ka kunna wayarka ka aika mata saƙo da muryarka, ka ce ango ya kasa, hanya ba ta biyuwa. Za ta yi kuka, za ta yi fushi da kai, wataƙila ta daina kiran ka angonta har wani lokaci. Gara ta yi fushi da kai kana raye kana rarrashinta. Ranar rufe makaranta ni zan ɗaura atamfata mafi kyau in je in tsaya kusa da kwalin nan tare da ita. Duk wanda ya tambaya me ya sa da'irar nan babu komai, zan ce masa ƙauyena ne, kuma haka yake, babu kowa a cikinsa. A duk taswirar babu wurin da aka zana daidai kamarsa.

Na rubuta duk wannan ne ina sane da wanda nake rubuta wa. Tun kana cin goruba a gindin ƙirya ba ka taɓa jin maganata ba, ban ga abin da zai sa ka fara yanzu da gemu fari ba. Amma ban iya naɗe hannu in zauna ba. Hanane ta wanke kwalbarta, ta manna takarda ta rubuta sunan garinmu da hannunta, ta ajiye a kan taga. Kullum da safe kafin ta tafi lekol sai ta leƙa bakin titi ko motar Mahamoud ta iso. Ita tana addu'ar ka je, ni ina addu'ar kada ka je, a kan tabarma ɗaya muke salla.

Ka gaishe mini da Kubra da kyau, ka ce ina tuna ta a addu'a. Ka gaishe da 'yarka Zakiyya, Allah ya sauke ta lafiya, da ƙannenta duka, da matar marigayi Idi da marayunsa, Allah ya raya su. Ka gaishe da liman da duk mutanen garinmu da ke kusa da ku, waɗanda suka tuna da ni da waɗanda suka manta. Razak da Wassila suna gaishe ka. Hanane ba ta san ina rubutun nan ba, da ta sani da gaisuwarta ta cika takardar.

Kubra, in ke ce kika buɗe takardar nan domin bai kwana gida ba, ki nemi mai waya ki kira ni ko wane lokaci ne. In Allah ya dawo da shi, ki riƙe shi, ki ce ni na ce. In kuwa gwangwanin ne ya dawo a hannun wani, shi bai dawo ba, na roƙe ki kada ki aiko mana da shi.

Wassalam. Yayarka da ke jiran jin muryarka,

Tabawa